Kumatun Alhaji Sabo

Ku yaran da kuke zama a bakin shagon cajin waya kuna cewa aikina barci ne a kan tabarma, yau da ku nake. Shekarata goma sha bakwai, amma bayana ya kai saba'in, gwiwoyina kuwa sun riga ni yin ritaya. Sana'ata zaman jinya. Ni ba likita ba ne, ba kuma majo ba ne mai yin allura. Ni ne wanda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke kira akompanyan. A asibitin garin nan na Wagadugu in aka kwantar da mutum dole a samu wani a gefensa: mai sayo magani, mai kai jini labo wurin gwaji, mai wanke bokiti, mai rugawa ya kira majo in ruwan serom da aka ɗaura wa mara lafiya ya ƙare. 'Yan kasuwarmu na Zango da yawa danginsu suna Kano ko Maraɗi, matansu kuma ba sa zama a ɗakin maza. To a nan ake nemana.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Kawu Illo, tsohon direban babbar mota, mutumin Maraɗi, wanda ya bar tuƙi ranar da ya fara ganin jaki ɗaya ya zama biyu a kan hanya. Ran da aka kai ni wurinsa bai ko tambayi sunana ba. Ya miƙo mini wani bokiti a rufe, ya ce in buɗe. Na buɗe. Ba zan faɗa muku abin da ke ciki ba, don wasunku ba su ci abinci ba tukuna. Shi dai fuskata ya tsura wa ido.

Ya ce, "Hancinka ya motsa."

Na ce, "Kawu, ai hanci ne."

Ya ce, "Mara lafiya ba bokiti yake kallo ba, fuskarka yake kallo. In ka yamutsa ta, ka ƙara masa ciwo. Rufe, ka sake buɗewa."

Haka na yi ta rufewa ina buɗewa har hancina ya haƙura da duniya. Yau ko mushen raƙumi aka ajiye a gabana, fuskata barka da asuba kawai take cewa.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Tabarma mara kauri, wadda za ka naɗe cikin ƙiftawar ido in majo ta zo korar mutane. Bokiti biyu, ja da shuɗi, kuma ranar da ka rikita su ranar ka bar sana'a. Buta, mafici, silifa mai ƙwari don layin farmasi. Sai harshe uku, domin likita da Faransanci take magana, majo da Mosanci, mara lafiya da Hausa, ciwon kuwa ba ya jin ko ɗaya.

Aikina na farko ni kaɗai, wani direba ne da ya karye a ƙafa. Mutumin kirki, sai dai ko fitsari zai yi sai ya ce, "Yaron mota, duba mini baya." Daga gare shi na gane cewa mara lafiya ba shi ne wahalar sana'ar nan ba. Wahalar ita ce 'yan dubiya. An rushe rabin Zango tun kafin a haife ni, mutanenmu sun watsu, wani yana Widi, wani Tangen, wani can bayan gari inda ko taksi ba ya zuwa. Amma bari ɗayanmu ya kwanta asibiti, sai ka ga Zango ya sake ginuwa a bakin gadonsa, da limaminsa da mai shayinsa. Kuma ba mai zuwa hannu sake. Kowa da maganinsa a aljihu.

Yanzu ku matso in ba ku labarin mummunar shekarata.

Alhaji Sabo mai atamfa, Bakano, mutum ne siriri mai sanyin murya, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ya daɗe yana fama da ciki: gudawa da jini da majina, yana zaryar bayi kamar wanda ya yi ajiya a can. Mutanen Zango suka ce basir ne, domin a wurinmu ko mota ce ta buge ka, basir ne ya tura ka kan titi. Amma likitar hanji, wata 'yar Mosi mai gajeren gashi da muke kira Madam Dokta, ta ce ba basir ba ne. Cutar tana da suna da Faransanci wanda ya fi layin farmasi tsawo. Abin da na fassara wa Alhaji shi ne, garkuwar jikinsa ce ta rikice take kai wa babban hanjinsa duka, har cikin hanjin ya yi gyambo. Ba a warkewa kwata-kwata, amma ana lallaɓa ta da magani ta kwanta.

Tun kafin a kwantar da shi an ɗora shi a kan wata ƙwaya mai suna kortizon, mai kwantar da garkuwar jiki. Da farko ta yi aiki, jinin ya tsaya. Ta kuma yi wani aikin da ba a aike ta ba: ta hura masa fuska. Alhaji Sabo, wanda tun yana yaro ake iya ƙirga haƙoransa ta waje, sai ga shi da kumatu biyu kamar an ɗora gurasa hagu da dama. Zango ya yi murna. Har daga Tangen ake zuwa shagonsa, ba don atamfa ba, don a ga kumatu a ce masha Allah. Ba a jima ba aka gano cewa ƙwayar 'yar uwar wadda mata ke sha don ƙiba ce, wadda ake kira sha-ka-fashe, kuma ana samunta a tiren kowane mai tallan magani.

Sai ciwon ya dawo, ya fi na da. Aka kwantar da shi, aka kira ni. Aka ƙara kortizon, har ta jijiya ake ba shi, amma jan bokitina bai ga canji ba. Ga zazzaɓi. Kumatu suna nan kamar na jaririn gidan masu kuɗi, ƙafafu kuwa sun zama sandar rake.

Madam Dokta ta ce akwai abin da ke hana maganin aiki, sai ta leƙa. Aka zura masa wani tiyo mai kyamara ta inda ba a gaisawa, ta tsinko ɗan nama daga gyambon, aka sa a 'yar kwalba aka ba ni in kai labo. Ku rubuta ku ajiye: ni na taɓa ɗaukar Alhaji guda a aljihun rigata, a kan babur, na ratsa tsakiyar Wagadugu da shi.

Da sakamako ya fito, ta zauna a bakin gado, ni ina tsaye ina fassara. Ta ce an samu birus, wata ƙwayar cuta, a cikin gyambon, sunansa se-em-be.

Alhaji ya ce, "Wa ya sa mini?"

Ta ce ba kowa. Yawancin mutane suna ɗauke da shi tun suna yara, yana kwance a jiki yana barci, garkuwar jiki tana gadinsa. To kortizon ta sa maigadi barci, shi kuma ya farka ya tare a cikin gyambon yana ƙara tona shi. Shi ya sa maganin ya daina aiki, kuma duk ƙwayar da aka ƙara, tuwo aka ƙara wa birus. Yanzu za a riƙa ɗaura masa wani serom mai yaƙar birus ɗin safe da yamma na 'yan makonni, a kuma rage kortizon. Ba a yanke ta kai tsaye, wannan ma hatsari ne. "Bilfu-bilfu," in ji ta, wato kaɗan-kaɗan.

Alhaji ya ce, "In bai yi ba fa?"

Ta dube ni, ta ce in fassara daidai, kada in sa sukari. In bai yi ba, mai fiɗa zai cire babban hanjin, a huda ciki a manna leda, bayan gida ya riƙa fita ta nan.

Alhaji ya dubi cikinsa. Can ya ce, "Alwala fa?"

To kun ji abin da ke kan faifai: hanjin Alhaji. Aka fara serom, aka fara rage ƙwaya. Zazzaɓi ya sauka, bokiti ya fara yin sauƙi. Sai dai a hankali kumatu suka fara sacewa kamar tayar keke.

Ai kuwa sai Zango ya ɗauki zafi. Mai shayi ya leƙo ya fita yana salati. Wani ya ce asibiti na sayar da ƙwayar Alhaji ta bayan gida. Wani ya ce likitar ba ta son ganin Bahaushe da ƙiba. Aka fara fasa-ƙwauri. Na kama sha-ka-fashe a cikin ƙullin goro, na kama a naɗin rawani, na kama a tsakiyar curin fura an binne ta kamar gawa. Duk wannan ƙaramin aiki ne. Ina karɓa in ce an gode, in kai wa majo.

Wanda ya gagare ni shi ne Alhaji Ɗanladi, surukin Alhaji Sabo, uban matarsa. Tsoho ne dogo mai sanda, wanda ko ɗan sanda ba ya tambayarsa takarda. Ba a laluben aljihun irin wannan. Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna, ya zaro ƙwaya daga aljihun babbar riga, ya ɗora a tafin hannun surukinsa, ya ce, "Bismillah." Kun san yadda muke da surukai. Alhaji Sabo ko idon tsohon bai taɓa kallo ba tun da ya auri 'yarsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baba," ya haɗiye.

Dokar Kawu Illo ce, ba a ɓoye wa likita abin da ya shiga bakin mara lafiya. Na je na faɗa. Madam Dokta ta tare tsohon a baranda, ta yi masa bayani tun daga maigadi har zuwa leda, ni ina fassara har da nuni da hannu. Ya saurara da kyau, ya ce, "Gaskiya ne, likita. Allah ya yi miki albarka." Washegari ya zo da ƙwayarsa.

Jini ya sake dawowa. Mai fiɗa ya fara leƙowa yana gaishe mu, irin gaisuwar da mahauci ke yi wa rago. Madam Dokta ta ce za ta hana tsohon shiga.

Alhaji Sabo ya kama hannuna kamar zai karya. "Gaya mata kada ta yi. A ce na kori surukina daga bakin gadona? Gara a yanke."

Na ce, "Alhaji, hanjinka ne fa."

Ya ce, "Na sani. Shi kuma Baba ne."

Da na fassara, likita ta dube ni, ta dubi silin, ta faɗi wata kalma da Faransanci wadda ba a koya mana a lakwal ba.

Na ruga wurin Kawu Illo, na same shi a gindin bishiyar asibiti yana jinyar wani mai ciwon suga, yana kuma shanye masa lemon da aka kawo masa don kare lafiyarsa. Ya ji labari, ya ce, "Mutanen Zango ba hanji suke zuwa dubawa ba, kumatu suke zuwa dubawa. Ku ba su kumatu."

Haka aka yi. Na roƙi majo auduga. Ta tambaye ni ta mece ce, na faɗa mata, ta yi dariya har ta zauna a kan keken marasa lafiya, ta ba ni. Kullum kafin la'asar sai in mulmula dunƙule biyu in cusa wa Alhaji, ɗaya hagu ɗaya dama. Ku da kuke cewa aikin banza ne, ku gwada daidaita kumatun babban mutum. In hagu ya fi dama, a ce haƙori ne. In ka cika, ya zama kwaɗo. Shi kuma ɗan kasuwa, ko a wannan hali sai da ya murza audugar ya ce ba ta da kyau.

'Yan dubiya suka shigo suka ga kumatu sun dawo, aka yi ta hamdala. Alhaji ba ya iya magana, sai "Mm," aka ce ciwo ya ƙara masa natsuwa. Na ce shi ke nan, mun huta.

Ashe ban yi lissafi da kan tsoho ba. Alhaji Ɗanladi ya duba kumatu, ya gyaɗa kai, ya ce, "Kun gani? Maganina ne." Washegari ya ninka.

A nan ne Alhaji Sabo ya nuna shi ma Bakano ne. Sai ya karɓa, ya ce "Mm," ya jefa a baki, ya tura ƙwayoyin da harshe cikin audugar, ya motsa maƙogwaro kamar ya haɗiye. In tsoho ya tafi, in zaro auduga da kayanta in kai wa majo. Madam Dokta ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, amma in tabbata ba abin da ke wucewa ciki, kuma kada a bar audugar ta daɗe a baki. Serom ya samu fili ya yi aikinsa. Mai fiɗa ya rage gaisuwa.

Sai ranar wata Juma'a. An sauko daga masallaci, ina cusa auduga ke nan sai rabin Zango ya biyo tsohon a baya, ɗaki ya cika da babbar riga da turare. Tsoho ya ba da ƙwaya kamar kullum, Alhaji ya adana ta kamar kullum. Sai tsoho ya ce, "Yau har da rubutu na sa aka yi maka," ya zaro gora, ya tsiyaya kofi guda cike, ya miƙa.

Na ce, "Baba Alhaji, likita ta ce..."

Ya ce, "Kai, yaro, da kai nake?"

Alhaji Sabo ya karɓa ya kafa kai. Auduga ta sha ruwa ta kumbura. Ƙwayoyin suka fara narkewa, ɗacinsu ya bi masa harshe. Na ga idonsa ya yi ja, na ga wuyansa yana rawa, na riƙe bokiti ban san ta inda abin zai fito ba. Sai ya yi wani tari da ya girgiza gadon. Kuncin hagu ya tashi sama ya sauka a cinyar liman. Kuncin dama, da ƙwayoyi manne a jikinsa, ya faɗi daidai kan aikin babbar rigar Alhaji Ɗanladi.

Ga Alhaji Sabo zaune da fuskarsa ta asali, siririya kamar cokali. Mai shayi ya ce, "Innalillahi, sun zube."

Ni dai na riƙe fuskata. A duk rayuwata ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Tsoho ya ɗauki audugar da yatsu biyu, ya juya ta, ya ga ƙwayoyinsa. Ya ce, "Sabo, mene ne wannan?"

Alhaji Sabo kansa a ƙasa, muryarsa kamar ta sauro, ya ce, "Baba, ka gafarce ni. In na sha wannan, hanjina za a cire. Ba zan iya sha ba."

Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Sai ya saki wata ajiyar zuciya, ya ce, "Kai, Sabo, ka wahalar da ni. Tun ran da likitar nan ta yi mini bayani na so in daina. Amma na ga kana karɓa da hannu biyu kana godiya, na ce in na zo hannu sake za ka ce na gaji da kai. Kullum ina sayowa ina addu'a Allah ya sa ka ce a'a."

"Ni kuwa, Baba, ina addu'a Allah ya sa ka manta."

Liman ya cire audugar daga cinyarsa ya ce a yi fatiha, don ba wanda ya san abin da ya kamata a yi.

Kun san abin da ya sa nake kiranta mummunar shekara? Daga ranar tsohon nan ya ɗauki kujera ya kafa a bakin ƙofa da sandarsa, ya zama shi ne mai lalube. Ya kwance rawani, ya fasa fura, ya tona goro. Ran nan har majo ya tare da ɗan abin da ya rage na kortizon ɗin da likita ta rubuta, sai da na yi rantsuwa da harshe uku kafin ya bar ta ta wuce. Tsoho mai shekara tamanin ya ƙwace mini rabin aiki, kuma kyauta yake yi. Labari kuma ya zaga cewa ni ne yaron da ke cusa wa manya auduga, aka daɗe ba wanda ya neme ni, har sai da na koma tallan ruwan leda a bakin tasha.

Amma kafin nan, da serom ya ƙare, aka sake zura kyamara. Madam Dokta ta fito ta same mu a baranda, ni da tsoho, Alhaji Sabo yana kan keke ana turo shi. Ta ce gyambon yana bushewa, birus ya koma barci, mai fiɗa ya nemi wani aikin. Cutar tana nan, za a canja masa magani, zai riƙa zuwa ana dubawa, amma hanjinsa nasa ne.

Alhaji Sabo ya rufe fuska da hannu biyu. Tsoho ya taɓa ni da sanda.

"Tambaye ta, kumatun fa?"

Na tambaya. Ta ce in Allah ya so, ba za su dawo ba.

Tsoho ya sunkuya, ya janye hannun surukinsa daga fuska, ya ƙare mata kallo tun daga goshi har haɓa.

Ya ce, "To shi ke nan. Dama da wannan fuskar na ba ka 'yata."